Abin da Kaset Ya Ji

Ranar Alhamis da hantsi Insifekta Mansur Chindo yana zaune a buronsa, ofishin 'yan sanda na Agiye, yana fama da masu neman izinin taron jam'iyya. Tun da aka gama babban taron ƙasa aka buɗe siyasa, kowa a garin ya zama ɗan takara ko abokin ɗan takara. Yana cikin haka tarho ya yi ƙara.

Darektan furojen gina rijiyoyi ne. "Insifekta, ka zo yanzu. An yi mana sata, kuma abin da aka sace ga shi a gabanmu."

Mansur ya ɗauki hularsa, ya kira ɗan sanda Magaji, suka hau babur.

A furojen suka tarar da ma'aikata tsaye cirko-cirko a ƙarƙashin dogon yaro. Darekta ya yi masa bayani a tsaitsaye. Sababbin masu ba furojen tallafi ba sa jin Faransanci. Sun ce kowane ma'aikaci sai ya zauna jarrabawar Ingilishi, iri ɗaya a duk ƙasar, wanda ya faɗi kuma ba za a sabunta masa aiki ba. Rabin jarrabawar saurare ne: a kunna kaset, mutum ya ji, ya amsa.

Wadda ta zo daga Yamai don yin jarrabawar, Madam Nazira, ta danna rediyo ba tare da ta gaishe shi ba. Muryar wata Baturiya ta fito siririya, kamar daga cikin rijiya. A bayanta zabi suna ta kuka.

"A ɗakin da ko numfashi ba ya shiga aka ɗauki wannan magana," in ji ta. "Ina zabi suka fito? Wani ya buɗe ambulan ɗin da aka rufo kaset a ciki, ya kwafe, ya maido mana da kwafin. Gobe da safe zan koma. In ba a samu mutumin ba, zan rubuta sunan mai riƙe makulli, in kuma soke jarrabawar Agiye gaba ɗaya."

Mansur ya juya ambulan ɗin. Jan hatimin da ke sama bai taɓu ba, amma an tsaga gindin an liƙe da ƙaro. Ya ɗaga kaset ɗin a haske. Gidan na asali ne, da tambarinsa, sai dai kusoshin duk sun sha bakin wuƙa. Inda zaren ya haɗu da ƙafar da ke naɗe shi, ga ɗigon jan farce.

"Wa ke riƙe makullin?"

"Hamdiya, sakatarenmu."

Yarinyar ta shigo tana gyara mayafi. Ba ta kai shekara ashirin da biyar ba, kuma ba ta ɗago kai ba.

"Yaushe ambulan ya zo?"

"Litinin da safe, ranka ya daɗe. Na sa shi a akwatin ƙarfe gaban darekta."

"Wa kika ba makulli?"

"Ba kowa."

"Ko na ɗan lokaci?"

"Makullin bai bar jikina ba."

Ta faɗi maganar da sauri, kamar wadda ta kwana tana maimaita ta. Mansur ya dubi hannunta. Lalle ne, ba jan farce. Ya ce wa Magaji ya kai ta buro ta zauna a benci, kada ta yi magana da kowa.

Da za a fita da ita, wani dattijo mai tabarau ya matso. Tahiru ne, da ake kira Mushe Tahiru irin na Faransanci, shugaban ma'aikatan karkara, wanda ya fi kowa daɗewa a furojen.

"Insifekta, kada ka wahalar da kanka. Ka tambayi direban da ya kawo saƙon. Ka kuma tambayi Yahuza na Gazawa. Danginsa duk a Katsina suke, can kuwa ka san babu abin da ba a kwafewa."

Direban, Nomau, ya rantse cewa daga Yamai bai tsaya ko'ina ba.

"To buhun albasar da na gani a bayan motarka fa? A Yamai aka ba ka?"

Nomau ya sosa ƙeya. "Wallahi mai gida, kwana ɗaya ne na yi a Gidan Rumji, wajen tsohuwata. Daren Lahadi. Na kuma ɗan rage wa mutane hanya. Don Allah kada darekta ya ji. Amma ambulan ɗin nan, da shi na yi matashin kai."

"Ke nan ya kwana a hannunka, ba mai gani."

Mansur ya bar shi, ya sa aka kira Yahuza.

Yahuza kuwa dariya ya yi. "Ni in saci mi? Tun ina ƙarami nake ciniki a Jibiya. Baturiyar nan ko a barci ta yi magana na ji ta. Yau da an yi jarrabawar da na huta da gorin wasu."

"Ina kake Talata da Laraba?"

"A ƙauyuka, wajen rijiyoyi."

"Darekta ya ce babur ɗinka bai fita ba."

Dariyar ta ɗauke. "To, na je gida Gazawa. Akwai taron jam'iyyarmu. An hana mu siyasa a lokacin aiki, shi ya sa."

Mutum uku, ƙarya uku. Mansur ya sa kaset a aljihu ya koma buro.

Hamdiya tana nan a benci inda aka ajiye ta. An kawo mata fura, ba ta taɓa ba. Ya wuce ta, ya rufe ƙofar ɗakinsa na ciki, ya kunna rediyonsa.

"Ranka ya daɗe, kana jin Ingilishi ne?" in ji Magaji.

"Ko kalma ɗaya. Ba ita nake saurare ba. Yi shiru."

Wanda ya yi kwafin rediyo biyu ya haɗa baki da baki, ɗaya na magana ɗaya na ɗauka. Haka kowa ke yi in ba shi da babban inji. Abin da bai tuna ba shi ne, rediyon da ke ɗauka ba ya zaɓe. Duk abin da ya ratsa ɗakin ya haɗiye.

Suka ji zabi. Suka ji injin niƙa yana tashi yana kwanciya. Can wajen tsakiya sai amsa-kuwwa ta taso daga nesa, da wata murya mai kaushi: "Jama'a, gobe Laraba! Gobe Laraba kowa da kowa sai Gazawa! Mota na jiran ku a tasha!"

"Gobe Laraba," in ji Mansur. "Ran Talata aka ɗauka ke nan. Nomau ya fita, tun Litinin ya miƙa ambulan."

"Gazawa! Yahuza ne."

"Wanda ke Gazawa ba a ce masa ya shiga mota zuwa Gazawa. A garin nan aka yi. Saurara kuma. Motar shela wucewa take yi, murya ta zo ta tafi. Wannan ta zo ta tsaya."

Haka ne. Shelar ta tsaya wuri ɗaya tana ta maimaituwa, injin mota yana gurnani a banza. Sai ƙarar ƙyaure, sai takun ƙafa, sai wani ihu can nesa wanda amsa-kuwwa ta danne.

Magaji ya yi murmushi. "Wannan muryar ta Ɗanbaba ce. Ko a kabari na ji ta na gane."

A tasha suka same shi, yana shan shayi a bakin motar da aka liƙe da hotuna. Ɗanbaba shi ne mai shelar garin. Da safe yana iya yi wa wannan jam'iyya, da yamma ya yi wa abokiyar gabarta.

"Insifekta na gwamnati! Ka zo shiga jam'iyya ne? Wacce kake so? Duk ina da su."

"Ran Talata motarka ta kafe."

"Kai! Har labari ya kai buro? Yashin nan na bayan injin Adama mai niƙa, shi ya riƙe mu bayan la'asar. Na ce tun da an tsaya, bari mutanen unguwa su sha shela da kyau."

"Wani ya yi maka magana?"

"Magana? Zagi dai. Mushe Tahiru ne, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya fito ba ko takalmi, ya ce in ban kashe ba zai fasa mini amsa-kuwwa. Na ce Mushe, dimokuraɗiyya ce, kowa da bakinsa. Sai mai ɗakinsa ce ta ba mu tsohuwar tabarma muka sa wa taya."

A hanya Mansur ya tambayi Magaji ko akwai wani abu tsakanin Tahiru da Hamdiya.

"Ai shi ya riƙe ta. Ƙanen mahaifinta ne. Da uban ya rasu shi ya sa ta lakol ta yi boko, shi ya kawo ta furojen."

Gidan Tahiru yana jingine da injin niƙa. Suka yi sallama, Shatu matar Tahiru ta ce su shigo, mai gidan yana wajen aiki. Zabi suka watse a gabansu. A tsakar gida an shanya gero a tabarma, an kafa sanduna a kewaye, an ɗaura wani siririn zare mai ruwan ƙasa daga sanda zuwa sanda. Iska na kaɗa shi yana walƙiya.

"Inna, wannan zaren fa?"

"Na korar tsuntsaye ne, ɗana. A shara na tsince shi jiya, duk ya cukurkuɗe. Rediyon malam ne ya cinye masa wani kaset. Har jan farcena ya ara wai zai gyara, bai maido ba."

Ta faɗi haka tana dariya. Mansur bai iya tayawa ba. Ya roƙi zaren, ya naɗe shi a kara, ya yi mata godiya.

Kafin magariba ya tara su a ɗakin jarrabawa: darekta, Madam Nazira, Nomau, Yahuza, Mushe Tahiru. Magaji ya shigo da Hamdiya ya tsayar da ita kusa da ƙofa.

Mansur ya kai kaset daidai wurin, ya murɗa rediyo har ƙarshe. Baturiya ta yi ta maganarta. Ɗanbaba ya yi ta kiran Gazawa. Sai ƙyaure ya buga, sai muryar nan ta fito daga ƙarƙashin hayaniyar: "Ku kashe wannan abu! Ba ku san mutane na aiki ba?"

Ba wanda ya dubi Tahiru. Kowa ya san muryar.

"Muryoyi suna kama da juna," in ji shi, yana goge tabarau.

Mansur ya ajiye karan a kan tebur. "Wannan daga tsakar gidanka. In Madam ta sa a gyara shi, za mu ji Baturiyar nan ba zabi."

"Yara suna tsinto abubuwa."

"To shi ke nan. Makulli a hannun Hamdiya yake, ta kuma ce ba ta ba kowa ba. Magaji, sa mata ankwa."

Magaji ya ciro ankwa. Hamdiya ta miƙa hannuwanta biyu.

"Tsaya," in ji Tahiru.

Tahiru ya dafa tebur ya zauna a kujerar masu jarrabawa.

"Ba ta san komai ba. Ran Talata na ce ta ba ni makulli in ɗauki hatimi. Ba ta iya ce mini a'a. Daga nan har iyaka babu rijiyar da ban leƙa ba. In an rubuta Ingilishin nan ina ɗan tsintar wani abu. Amma in suna magana, wallahi kamar ruwa a kan kwano. Na ce in kwafa, in yi ta ji har kunnena ya saba. Na gama, ina mayar da nasu baya, rediyo ya kama zaren. Na ja, ya tsinke. Sai na kwance gidan na sa nawa a ciki. Na ɗauka ba mai lura."

"Ka kuma nuna mini Nomau da Yahuza."

Yahuza ya yi tsaki ya juya baya.

Madam Nazira ta ce za a aiko wani kaset daga Yamai, sauran su zauna jarrabawa wata mai zuwa, kuma sunan yarinyar ba zai shiga rahotonta ba.

Magaji ya taɓa kafaɗar dattijon, ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi Mansur.

"Insifekta, ka yarda da ni. Ba zan taɓa bari a rufe ta ba."

"Tun hantsi take zaune a bencina, Mushe. Na bar ƙofa a buɗe. Ba ka zo ba."

Aka fita da shi. Hamdiya ta tsaya tana kallon teburin da ya tashi. Ya manta tabaransa a kai. Ta ɗauka, ta goge da bakin mayafinta, ta miƙa wa Magaji ta taga.

"Ka ba Baba," in ji ta. "Ba ya gani in babu shi."

Daga nan ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta ajiye a gaban darekta, ta fita ta ɗaya ƙofar.