Fayil Ɗin da Babu a Kamfanin Jin Ƙai

Bayan la'asar ranar Juma'a aka kira Insifekta Yuguda wani gida a Hammadu Kafi. Ya tarar da gawar Inna Suwaibatu, tsohuwar shugabar nas-nas wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu, ta kuma ɗauke mata magana. A tsakar gida ɗanta Mu'azzam ke ta kumfar baki a kan wata matashiya mai farin yunifom, shatin yatsunsa a kuncinta.

"Ita ce! A'i, mai jinyar da kamfani ya turo. Wallahi sai ta ruɓe a kurkuku!"

Yuguda ya ɗaga hannun mamaciyar, ya ga sabon gurbin allura.

"Ana yi mata allura ne?"

"Ƙwayoyi kawai take sha," in ji Mu'azzam. "Insifekta, sau uku na binciki yarinyar nan. Takardar 'yan sanda, wasiƙar mai unguwa, masu tsaya mata biyu, duk na gani da idona."

Aka wuce da gawar asibiti, A'i kuma aka rufe ta a caji ofis.

Washegari likita ya tabbatar: allurar ciwon suga ce aka ɗirka wa matar da ba ta da suga.

Ofishin Kamfanin Jin Ƙai yana Arawa, fes da shi, sai ƙamshin turare. Mai kamfanin, Hajiya Nana Hadiza, ta jero fayil talatin a tebur. Kowane da hoto da zanen yatsu goma. Mace ce mai iya taku, irin wadda mutum ke jin nauyin yi wa tambaya.

"Ba na ɗaukar kowa sai na tone shi har kakanni," ta ce. "A'i ta ci amanata."

"Kin taɓa zuwa gidan?"

"Ko ƙofar ban sani ba."

"Hajiya, ina naki fayil ɗin?"

Ta yi dariya. "Nawa? Ai ni ce mai binciken, ranka ya daɗe."

Dariyar ba ta kwanta wa Yuguda ba. Ya koma caji ofis, ya sa aka fito da A'i.

"Ina kike ƙarfe biyu na Juma'a?"

Ta murza bakin hijabi. "Kasuwar Gombe. Hajiya ce ta zo duba aiki, maza duk suna masallaci. Ta aike ni sayen kunzugun manya."

"Me ya hana ki faɗa jiya?"

"Ta kira ni ta ce ko na faɗa, wa zai yarda da 'yar aiki ya bar mai kamfani? Yallaɓai, duba littafin Inna. Hannunta ɗaya na aiki. Duk maganin da aka ba ta sai ta rubuta lokaci da sunan wanda ya ba ta, yadda ta saba a asibiti. Muna ma tsokanarta wai har yau ba ta yi ritaya ba."

A cikin rigar filon Inna ya sami littafin. Layin ƙarshe ya karkace, amma yana karantuwa: "2:20. Allura, likita bai rubuta ba. Hadiza Sallau, wadda na kora."

Kiran waya ɗaya Yuguda ya yi wa masu ajiye rajistar nas-nas. Ko minti goma ba a ɗauka ba. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: minti goma, kuma shekara shida kamfanin na shiga ɗakunan tsofaffi ba wanda ya yi kiran.

Ya koma Arawa tare da Mu'azzam da kofur biyu, ya ajiye littafin a kan fayil talatin ɗin.

"Hadiza Sallau. An ƙwace miki lasisi saboda kina ɗura wa marasa lafiya maganin barci don kada su dame ki."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskar Hajiya.

"A gaban ɗalibai Suwaibatu ta cire mini hular nas," ta ce. "Shekara goma sha biyar ina jin wannan ranar a ƙirjina. Sai ga ɗanta da ƙafarsa yana neman mai jinya. Na tsaya a kanta na ce, kin gane ni? Ta gane ni. Kuma ban yi nadama ba."

Mu'azzam ya zabura. Kofur biyun suka riƙe shi.

"Ka binciki A'i sau uku," in ji Yuguda. "Sau nawa ka tambayi wace ce wannan?"

Mu'azzam ya zauna a ƙasa.

A caji ofis, A'i na fitowa ana shiga da Hajiya. Mu'azzam ya tare A'i yana neman gafara. Ta wuce shi kamar ba da ita yake ba, ta tsaya a bakin kantar 'yan sanda, ta ƙi tafiya.

Yuguda ya bar ta ta kalla. Ya ɗauko sabon fayil, ya kama hannun Hajiya, ya danna yatsunta a tawada, ɗaya bayan ɗaya, har goma.