Shafin Ƙarshe na Rajistar Aji Takwas

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Alhamis, mai sharar makarantar Salcioreni ta tarar da akwatin gilashin da ke zauren shiga a buɗe, wayam. Tsohuwar rajistar aji takwas, ta shekarar da sabon shugaban ƙasa ya gama makarantar, ta yi ɓatan dabo. Ga shi kuwa saura kwana biyu mutumin ya zo da kansa.

Sufeto Zamfir Butnaru ya iso a ƙafa, sabuwar kwalta tana manne masa a takalmi. Tun da aka sanar cewa Octav Bejenaru, ɗan garin, ya lashe zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Salcioreni ta haukace. Hanyar da ta shekara ashirin da ramuka, mako ɗaya aka shafe ta. Magajin gari Pruteanu, wanda ya yi wa ɗaya ɗan takarar ihu har muryarsa ta dushe, ya kwana a wata jam'iyya ya tashi a wata. Kowa ya zama abokin Tavi, kamar yadda ake kiran Octav tun yana yaro, har waɗanda ba a haifa ba lokacin da ya bar garin. Shi kuwa Zamfir, benci ɗaya suka zauna da Tavi shekara huɗu, kuma abin yana cin sa. Shekara talatin yana bin ɓarayin kaji, ga wanda yake ara wa fensir za a riƙa buga wa taken ƙasa. Abin da ke sanyaya masa rai ɗaya ne: duk Lahadi shi da amininsa Malam Sofron Hutanu, malamin lissafi, sukan zauna kan ƙoƙon tsuika, barasar gargajiyar yankin, su tuna yadda Tavi yake kwafar amsa a littafin Sofron.

A zauren ya tarar da magajin gari yana nuna sakatariyar makaranta da yatsa.

"Ga ta nan, Sufeto, ba sai ka wahala ba. Domnica Apetrei. Har yau hoton wanda ya faɗi zaɓe yana manne a ƙofar gidanta."

"Kai ka kawo mini shi da hannunka, ranka ya daɗe," in ji Domnica.

Pruteanu ya yi kamar bai ji ba. "Na riga na rubuta takardar sallamarta. Gobe da azahar zan sa hannu."

Zamfir ya dube ta. Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya, mijinta kuma ba ya iya tafiya. Ya ce, "Akwatin ba shi da kwaɗo?"

"Sai gobe kafinta zai kawo," in ji magajin gari. "Daga sha biyu zuwa ɗaya kowa yana tsakar makaranta, muna gwada yadda yara za su miƙa wa shugaban ƙasa burodi da gishiri na maraba. Ita kaɗai ta ƙi fitowa."

Zamfir ya fara da ofishin sakatariya, ya buɗe kabad, ya duba ƙarƙashin tebur. Ya leƙa murhun ɗumama ɗaki, babu sabuwar toka. Ya bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin malamai akwai kanta mai ramuka, kowane aji da nasa, inda malami kan tura rajista in ya fito daga darasi. A ramin aji takwas ya ga rajista biyu, sabuwa da wata mai koɗaɗɗen bango.

Ya zaro ta, ya buɗe. Shafin Bejenaru yana nan, har da jan layin da ya samu saboda fashin kwana goma. Shafin ƙarshe ne babu. An yanke shi tas, a miƙe, da reza da rula.

Ya kira Domnica ita kaɗai, ya rufe ƙofa.

"Mene ne a shafin ƙarshe?"

"Jerin ƙarshen shekara. Wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu, har ƙasa."

"To me ya shafi shugaban ƙasa?"

"Shi ne na ɗaya mana. Shafin da za a buɗe masa ke nan."

"Ƙarya ne!" Muryarsa ta yi ƙarfi fiye da yadda ya so. "Sofron ne na ɗaya. Da idona na ga an ɗora masa kambun furanni ranar rabon kyauta."

"Ni takarda na karanta, Sufeto. Bejenaru na ɗaya, Hutanu na biyu. A gefe malamar ajin ta rubuta cewa na ɗaya bai halarci biki ba, ubansa ya tafi da shi kan dutse wajen tumaki."

Zamfir ya tuna kuwa, a hoton ranar babu Tavi. Kai, duniya! Ashe har wannan ma nasa ne. Ya ci gaba da tambaya.

"Kwana nawa rajistar ta yi a hannunki?"

"Tara, a kulle a kabad ɗina. Da ina son yankewa, da na yanke kafin kowa ya san abin da ke ciki. Ni na nuna wa magajin gari shafin, don shi bai ma san da shi ba. Ban zaɓi mutumin ba, kuma gobe ma ba zan zaɓe shi ba, amma ba na taɓa takardar makaranta."

"Kina shiga ɗakin malamai?"

"In kai me? Tsofaffin rajistoci a wurina suke kwana. Waccan kantar tasu ce."

Ya sallame ta, ya sami magajin gari a tsakar makaranta yana gyara tuta.

"Ranar Asabar, wa zai tsaya wajen akwatin?"

"Malam Sofron mana. Yau da safe na gaya masa. Ɗan ajinsu ne, shi zai karanta wa shugaban ƙasa shafin da babbar murya gaban masu ɗaukar hoto. Ka ga dabara ko?"

"Na gani. Ya zo gwajin?"

"Ya ce kansa na ciwo." Pruteanu ya tsaya. "Kai, Sufeto, kada ka ɓata mini lokaci. Matar nan ce."

Zamfir ya ɗauki rajistar a hammata ya kama hanya. Bai yi sauri ba. Sau biyu ya tsaya kamar zai juya. Ai da sauƙi: ya rubuta cewa ba a gano kowa ba, a kori Domnica, ranar Lahadi su zauna kamar kullum. Kuma gaskiyar magana, a zuciyarsa bai ƙi ɓatan shafin ba ko kaɗan. Amma ya tuna matar tana tura mijinta a keken guragu zuwa coci, sai ƙafarsa ta ci gaba.

Ya tarar da Sofron a ɗakinsa yana duba littattafan yara da jan biro. A bango, cikin firam, ga busasshen kambun nan, ganyayensa sun zama ruwan ƙasa.

"A'a, dodon ɓarayin kaji! Yau ba Lahadi ba ce."

"Yaya ciwon kan?"

"Da sauƙi."

Zamfir ya ajiye rajistar a kan tebur. Sofron ya dube ta, ya mayar da ido kan littafin da yake dubawa.

"Bari in gaya maka yadda na gani," in ji Zamfir, "ka gyara mini in na yi kuskure, tunda kai ne malami. Ɗan adawa da ya shiga zauren nan, shafin fashin Tavi zai yanka ya kai wa 'yan jarida. Ba a taɓa shi ba. Ɓarawo daga waje zai tafi da littafin gaba ɗaya. Domnica kwana tara tana da shi a kulle. Wanda ya yi aikin nan ya ɗauki rajistar ya kai ɗakin malamai, inda akwai tebur da rula, ya yanka a tsanake. Da ya gama, maimakon ya mayar da ita akwati, sai hannunsa ya yi abin da ya shekara talatin yana yi sau biyar a rana. Ya tura ta ramin aji takwas. Sabo turken wawa, Sofron."

"Malamai goma sha ɗaya ne a makarantar."

"Goma suna tsakar makaranta da magajin gari. Kuma a cikinsu babu wanda sunansa ke kan shafin."

Sofron ya rufe biro, ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar. Ko lanƙwasa ta bai yi ba.

"Na kunna ashana," ya ce. "Hannuna ya ƙi."

"Ka sani tun da?"

"Tun ranar. Malama ta raɗa mini a kunne, wai in riƙe masa kambun kada furanni su lalace. Na kai gida, uwata ta gani ta fashe da kuka, ta kira maƙwabta. To in ce mata me? Shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ka ji abin da ya fi ƙona mini rai, Zamfir? Bai ma san ya ci ba. Ni na kwana ina karatu, shi yana bin tumaki, ya dawo ya wuce ni kamar wasa."

"Kwafar amsa fa?"

"Ni nake leƙa nasa."

Zamfir ya zauna. Shekara arba'in yana dariya da labarin nan, yana jin daɗinsa har cikin ƙashi.

"Ya zama minista, na yi shiru," in ji Sofron. "Ya ci ƙasar gaba ɗaya, na ce ya je, Allah ya ba shi. Aji ɗaya tak nake da shi a duniya, na yara ashirin da huɗu. Shi ma sai in tsaya gaban garin nan, gaban yaran da nake koyarwa, in miƙa masa da bakina?"

Zamfir ya fahimta sarai, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ya ce a hankali, "Gobe da azahar za a kori Domnica."

Sofron ya ɗago kai da sauri. "Domnica? Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba."

"Ka ce a ƙasa ka tsince ta. Ka ce ta faɗo ne. Kai da ni, tun muna shekara bakwai..."

"Da rula aka yanke ta. In babu suna, nata Pruteanu zai sa, ka san shi."

Sofron ya tura takardar zuwa gaban abokinsa, ya haɗa hannayensa a kan tebur.

Zamfir ya ciro waya ya kira magajin gari. Ya ce an sami shafin lafiya lau, a yayyaga takardar sallama, matar ba ruwanta.

"To wane ne?" Muryar Pruteanu har Sofron yana jin ta. "Wane ɗan adawar ne? Faɗa mini sunansa!"

"Ba ɗan adawa ba ne, ranka ya daɗe. Ɗan ajinmu ne." Zamfir ya juya wa abokinsa baya, ya fuskanci taga, don ba zai iya faɗa yana kallonsa ba. "Rubuta. Hutanu, Sofron."