Dalolin da Ummi Ta Buga wa Hatimi

Saura kwana biyu jirgin ruwan yawon tsibirai ya tashi daga tashar Matrah ta ƙasar Oman, Ummi Shamsa ta kira ɗiyarta Zuwaina ɗaki, ta murza makulli, ta saki labule. Ƙanwarta Khala Raya tana zaune a bakin gado tana kaɗa ƙafa, hayaƙin turaren luban ya cika ɗakin har yana sa tari. Ummi ta durƙusa ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta zazzage shi a kan darduma.

"Dala ɗari-ɗari ne, guda ashirin," ta ce a hankali. "Tun mahaifinki yana raye nake tara su. Duba nan, kin ga wannan?"

Zuwaina ta duba. Kowace takarda an buga mata hatimin shagon marigayi babanta da shuɗiyar tawada, daidai goshin tsohon da ke jikin kuɗin. Haka Ummi take yi wa duk kuɗin da ya kwana a hannunta, wai don in an sace ta gane abinta.

"Zan ɗinke su a cikin jakarki. Ki rantse ba za ki gaya wa mijin nan naki ba."

"Haba Ummi! Hilal fa mijina ne, ba baƙo ba."

"Ɗan canji ne!" Khala Raya ta cafe. "Mutumin da yake wuni yana ƙirga kuɗin mutane, nasa aljihun kuwa iska ce kawai, me kike tsammani daga gare shi?"

"Ki bar ta," in ji Ummi. "Tafiyar nan ce za ta raba mana gardama. In ya taɓa ko guda ɗaya, wallahi auren nan ya ƙare, ko a gaban alƙali ne sai na raba shi. In bai taɓa ba, na yi shiru har abada."

Shekara uku Hilal ya yi yana sintiri a ƙofar gidan nan kafin a ba shi Zuwaina, kuma ba don Ummi ta so ba. Ma'aikaci ne a wani ƙaramin shagon canji a cikin kasuwa, ba gida, ba mota. Tafiyar yawon tsibiran ma yayan Zuwaina da ke Dubai ne ya biya musu a matsayin kyautar biki, Ummi kuwa ta tsaya kai da fata sai da aka ƙara tikitin Khala Raya. Zuwaina ta rantse, tana kuka, Ummi tana ɗinki da baƙin zare. Khala ma aka ba ta guda goma daga wani gwangwanin dabam, ta cusa a rigarta.

Ranar tafiya Hilal ya zo sallama da akwatin alewar halwa ɗaure da jan ƙyalle. Ya miƙa wa Ummi da hannu biyu, yana kiranta Ammati, wato gwaggo, don girmamawa.

"Ammati, don Allah ki buɗe yau, tun tana da ɗumi."

"A ajiye," Ummi ta ce, ko kallon akwatin ba ta yi ba. Aka ɗora shi saman kabad.

A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, kowa da katinsa, ko ruwa ka sha sai a goga. Wannan ya dami Khala Raya ƙwarai, don ita kuɗin da ba ta ji ƙararsa a hannu ba, ba ta yarda da shi ba. Abin da ya fi damunta shi ne sanin da Hilal ya yi wa harkar. Ta nufi tagar canjin jirgi, ya tare ta da ladabi.

"Khala, kada ki canza a nan, farashinsu yanka ne. Ki bari mu sauka, kuma kaɗan za ki canza, don kuɗin tsibiri in ya yi saura ba mai karɓa a gida."

Yana juya baya ta zunguri Zuwaina. "Kin ji ko? Duk wata hanyar cuta ya haddace ta!"

Zuwaina dariya ta yi. Kwanakin nan ita dai daɗi take ji. Da hantsi su tsaya a saman jirgi suna kallon ruwa shuɗi har iyakar gani, shi yana ɓare mata mangwaro yana tsokanarta wai ta fi kowa tsoron teku amma ta fi kowa leƙe. Sai dai duk lokacin da ya ɗauki jakarta ya riƙe mata, sai kunya ta kama ta.

Rana ta shida, bayan azahar, Hilal ya fita. Khala ta shigo neman man zafi, ta ɗauki jakar tana lalube, sai ta tsaya cak.

"Zuwaina! Da wane zare uwarki ta yi ɗinkin nan?"

"Baƙi."

"To wannan kore ne! Dubi tazarar allurar, kamar an ɗinke buhun shinkafa. Wannan hannun namiji ne!"

Ta sa haƙori ta farke. Takardu ashirin suka zubo, cif-cif, amma ba na Ummi ba ne. Sababbi ne fil, suna ƙamshi, kan tsohon ya fi girma, ga wani shuɗin zare ya ratsa tsakiya. Hatimi kuwa ko ɗaya babu. Zuwaina ta zauna a ƙasa.

"Jabu!" Khala ta ce tana tafa hannu. "Ya kwashe na gaske, ya zuba miki takardun banza! Dala tun da nake ganinta ban taɓa ganin mai zare ba. Ai mun faɗa!"

"Bari in tambaye shi, Khala, ƙila..."

"Ki tambaye shi a tsakiyar teku? Ki rufa mana asiri! Ko a fuska kada ki nuna masa. Sai mun koma, a gaban yayyenki."

Nan take Khala ta kira Ummi a waya. Ummi ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi wa Zuwaina, "Daga tasha gidana za ki wuce. Na gama magana."

Kwana biyu Zuwaina ta yi tana kallon mijinta ta gefen ido. In ya yi murmushi ta ce na munafunci ne, in ya yi shiru ta ce lissafi yake yi. Ya duba wayarsa, ta ce da masu jabun yake magana. Ta tuna ranar jajibirin tafiya, da hannun jakar ya tsinke ya karɓa zai kai wa mai gyara, ya tsaya yana shafa gefenta da yatsu. Ashe tun ranar! Abin haushin, duk da haka tana sonsa, kuma wannan ne ya fi ci mata rai.

"Zuwaina, na yi miki laifi ne?" ya tambaye ta a wajen cin abinci.

"Jiri ne kawai. Teku ce."

Ya dube ta ya daɗe, ya tura mata shayi mai citta.

Da suka isa Zanzibar aka sanar cewa jirgi zai ɗaga ƙarfe biyar na yamma, wanda ya makara ya nemi hanyarsa. Hilal ya canza 'yan riyal kaɗan na tasi da tsaraba. Suna cikin lungunan tsohon gari, Khala tana cinikin kanumfari tana ja da baya don nuna wa mai kaya ta fasa, ƙafarta ta zame daga kan matakala. Ƙarar da ta yi sai da tattabaru suka tashi. Hilal bai tsaya neman izini ba, ya sungume ta sai tasi, tana kuka tana cewa ya sauke ta.

A wani ƙaramin asibitin kuɗi likita ya ce ƙashin ya karye, sai an ɗauki hoto an yi ɗori. Matar da ke karɓar kuɗi ta ce a fara ajiye kuɗi, shilin, a hannu, don na'urar katinsu ba sabis tun safe. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Abin da ke aljihun Hilal ko rabin kuɗin hoto bai kai ba.

Khala ta zaro dalolinta daga riga ta danƙa wa Zuwaina. "Ke za ki je! Kada ya taɓa min kuɗi!"

Hilal ya bi ta har ƙofa, ya rage murya. "Waɗannan ba za su karɓu ba. Ki ba su na cikin jakarki."

Zuwaina ta juyo ta kalle shi. Wato ya san da su, har ma ba ya ɓoyewa! So yake a kama ta da jabu a ƙasar mutane? Ta fizge mayafinta ta fita.

Ɗan canjin farko ya ɗaga takarda ɗaya ya mayar mata ta ƙarƙashin gilashi. "Tsohon bugu ne, Mama, ga kuma tawada. Ba ma karɓa." Na biyu ko taɓawa bai yi ba. Na uku, wani dattijo mai farar hula, ya ji tausayinta ya yi mata Larabci.

"Ɗiyata, wa ya ɓata kuɗi haka da hatimi? Ko banki ba zai karɓa a hannuna ba. Ba ki da sababbi?"

Ta dubi agogon bango, uku da minti ashirin. Khala tana can kwance, fasfo ɗinsu yana cikin jirgi. In takardun jabu ne, yau a hannun 'yan sanda za ta kwana, kuma za ta san wa ta aura. Ta tuna shekara ukun da ya yi yana jira, bai taɓa yi mata ƙarya ba ko ta wasa. Ta yi bisimilla, ta zaro guda biyar daga na jakarta ta tura, ta rufe ido.

Na'ura ta yi ƙara firrr. Dattijon ya ɗaga ɗaya a haske, ya murza ta da yatsa.

"Yawwa, ga kuɗi! Wanda ya zaɓo miki waɗannan ya san aikinsa."

Kuka ya ƙwace mata a wurin, har dattijon ya tsorata ya miƙo mata ruwa.

Biyar saura kwata suka hau jirgi, Khala a keken marasa lafiya, ƙafa a ɗaure, Hilal yana turawa gumi sharkaf. Sai da suka kwantar da ita Zuwaina ta tsaya a gabansa.

"Ina kuɗin Ummi?"

"Suna gidan Ummi."

"Hilal, kada ka yi min wasa!"

"Wallahi. Ranar da na karɓi jakar na ji su a hannuna, aikina ke nan, ko a cikin katifa aka sa kuɗi zan ji. Na buɗe ba da izininki ba, wannan laifina ne, ki yafe min. Da na ga hatimin na san ba inda za su ciyu a tsibiran nan, na kuma gane don wa aka buga shi. Sai na zuba nawa."

"Naka? Ina ka sami dala dubu biyu?"

"Waɗanda nake tarawa na kama rumfa. Rumfa za ta jira."

"Shi ne ba ka gaya min ba? Kwana biyu ina kallonka a ɓarawo!"

"Na san an sa ki rantsuwa. In na yi magana, ko ki karya ta ko ki yi min ƙarya. Na rubuta wa Ammati komai a takarda, na ɗauka tun ranar ta karanta."

Khala daga kan gado ta ce, "Tatsuniya! A kira Shamsa!" Amma muryar ba ƙarfi.

Aka kira, Zuwaina ta buɗe murya kowa na ji. "Ummi, halwar da Hilal ya kawo, kin buɗe?"

"Me zan yi da ita? Tana nan inda aka ajiye."

"Don girman Allah ki sauko da ita."

Suka ji jan kujera, suka ji ana kwance ƙyalle. Can suka ji Ummi tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, muryarta tana karyewa tun daga goma sha biyu. Da ta kai ashirin sai ƙarar buɗe takarda, sannan shessheƙa.

"Kwana takwas suna saman kaina," ta ce, "ina zaginsa a ƙarƙashinsu. Ba ni shi."

Hilal ya karɓi wayar da hannu biyu. "Na'am, Ammati."

"Ba Ammati ba. Ka ce Ummi."

Khala Raya ta juya fuska bango. Da daɗewa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Hilal, ɗana, goman nan nawa masu tawada, in mun koma za ka iya yi min wani abu a kansu?"

"Zan gwada, Khala, amma sai an rage."

"A rage ɗin, ni na jawo."

To 'yan'uwa, ku da za ku yi aure da ku iyaye masu aurarwa, zargi in ya shiga gida ba ya barin ido ya ga alheri ko an ɗora shi a saman kabad. Haƙurin Hilal ya biya shi, sai dai shirunsa ya kusa cinye aurensa, don haka mai gaskiya ma ya buɗe baki ya yi magana. Ummi da hannunta ta biya kuɗin rumfar bayan sun dawo. Hatimin kuwa Zuwaina ce ta karɓe, ta kulle a akwatinta, kuma har yau in Ummi ta tambaya sai ta ce ta manta inda ta sa makullin.