Kwamfutar da Ba Ta da Faifai

Rungume da kwamfuta ya shigo shagon, kamar mai kai jariri asibiti, ya tsaya yana leƙen bayanta wai yana neman mai gyara.

"Ni ce," in ji budurwar mai shagon, ko sukudireban hannunta ba ta ajiye ba.

Malamin lissafi ne, dogo, duk alli a hannun rigarsa. Ya ce kwamfutar mahaifinsa ce, ta tsufa har shafukan intanet sun daina buɗewa, ana so a sa mata sabuwar babbar manhaja, amma faifan da ta zo da shi ya ɓace tun tashinsu daga tsohon gida. Shaguna biyu sun ce ya jefar kawai. Ta kifa ta, ta nuna masa takardar lambobi da ke manne a ƙasa, ta ce da wannan da filashi an gama. Sai dai zai jira mako uku kafin ƙarin ƙwaƙwalwar da za ta yi oda ya iso.

Tun ranar, kullum aka tashi makaranta sai ya zo duba jikin mara lafiya. Ta sa masa Sarkin Gaggawa, shi kuma yana ce mata Injiniyata. Wata rana ya turo saƙo: "Injiniyata, don Allah kar kayan nan su iso da wuri. Ba ni da wata hujjar zuwa." Ta karanta sau biyar, ta amsa: "Ka zo ba hujja mana." Ta kamu, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifinsa, tsohon akawu mai ritaya, ya zo shagon da kansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera. Ya dubi layin shagunan, maza ne tun daga farko har ƙarshe, ya ce ba zai yi suruka a tsakiyar ƙarti ba. In tana son ɗansa ta rufe shago.

"Baba, ina sonsa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma shagon nan da hannuna na kafa shi, ba zan rufe ba."

Tsoho ya sunkuci kwamfutarsa ya fita. Mai shagon da ke kallon nata, wanda ta ƙi aurensa sau biyu, dama kunnensa na nan. Ya tare shi a ƙofa, ya ce ai aikin awa ɗaya ne, ja masa rai kawai take yi. Ya kuwa cika alkawari: cikin awa ɗaya ya sa sabuwar manhaja, ya share duk abin da ke ciki tas.

Kwana biyu Malamin bai kira ba. Ta ɗauka ya bi bayan mahaifinsa, ta yi kukanta a bayan kanta, ta wanke fuska ta ci gaba da kwance wayoyi. A rana ta uku saƙo ya shigo: "Ki yafe shiruna. Baba ya daina cin abinci. Muryar marigayiya Umma na cikin kwamfutar nan, ita kaɗai ta rage mana. Ta tafi."

Ta janyo durowa. Ɗabi'arta ce, ba ta taɓa kwamfutar kowa sai ta kwafe komai ta adana, tun ranar farko. Da ta faɗa masa, ya iso yana haki, ya ce ai sun samu dama, a ce wa Baba sai ya amince da auren za a ba shi. Ranta ya ɓaci sosai.

"Muryar mahaifiyarka ba kayan ciniki ba ce. Zan mayar masa ko ya amince ko bai amince ba. Amma wanda ya ɗauke kwamfutar nan, shi zai dawo da ita da ƙafarsa."

Washegari da hantsi tsoho ya shigo, kwamfuta a hammata, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ta mayar da komai, ta danna. Sai ga muryar mace tana dariya: "Malam, ka rage taurin kan nan, ka zo ka ci abinci tun da zafinsa."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Can ya tambaya me take so ya yi mata.

"Babu komai, Baba. Shago dai ba zan rufe ba."

Ya ce ai ya ji tun farko, ba kurma ba ne.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya ta gaishe da tsoho, ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari. Sannan ya juyo da kwamfutar wajenta, ya danna da yatsa ɗaya.

"Matso, 'yata," ya ce. "Ki gaisa da surukarki. Da tana nan, da tuni ta shigar miki."