Fuskar da Kyamara Ta Ƙi

Mai gyaran agogo ya shigo shagon wata mai ɗaukar hoto ne don hoton katin shaida, ya zauna yana murza hularsa. Sau uku tana ɗauka. Bango ya fito, rigarsa ta fito, fuskar kuwa baƙar inuwa ce kawai.

"Malam, faɗa kuka yi da haske?" in ji mai hoton.

"Sai dai ki sasanta mu," ya ce. Dariyar da ta yi ce ta gama da shi.

Kafin wata biyu saƙonni sun fara zirga-zirga.

"Hasken idona, agogo ashirin ne a gabana, duk tafiyar hawainiya suke in ba kya kusa."

"Malam Inuwa, ka gyara su mana, ba sana'arka ba ce?"

Sai dai fuskarsa ba ta taɓa fitowa a hoto ba, a shago ko a titi. Mai kantin da ke maƙwabtaka da ita, wanda ya daɗe yana nemanta tana ƙi, ya kai wa mahaifiyarta labari har da ƙari. Mama ta sa aka kawo hotunan, ta jera su a kan gado.

"Mutumin da kyamara ta ƙi fuskarsa? Ba zan ba shi 'yata ba. Allah kaɗai Ya san abin da ke tare da shi."

Ita ma mai hoton tsoro ya shige ta, ga so yana cin ta. Kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba. A na huɗu ta rubuta: "Ka zo gidanmu da hantsi."

Ta zaunar da shi a falo gaban Mama, ta ɗora kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku. Da can a otomatik take barinta, kyamara ta zaɓi haske da kanta. Yau ta murɗa maɓallin zuwa M don ta saita da hannunta, ta buɗe idon gilashin sosai, ta sa shata, wato murfin idon, ya daɗe a buɗe har daƙiƙa biyu. Sannan ta dube shi.

"Kada ka motsa, ko numfashi ban yarda ba."

Falon ya yi tsit har kyamarar ta rufe ido.

Fuskarsa ta fito, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa. Amma a kafaɗarsa ta dama akwai hannu, siriri, na tsohuwa, da zoben azurfa. A bayansa kuwa babu komai sai bango.

"Hannun wane ne wannan?" Mama ta tambaya da ƙyar.

Ya kalli allon, idonsa ya cika da ƙwalla. "Zoben mahaifiyata ne, Mama. Bara ta rasu. Kullum cewa take ba za ta sake ni ba sai ta ga wadda za ta riƙe ni."

Mama ta sake duban hannun. Uwa ce, ta san irin wannan riƙon.

"Allah Ya jiƙanta. Ka turo manyanka."

Ranar aure ƙawar amarya ce ta ɗauke su hoto, wadda ko saitin kyamara ba ta iya ba. Ango ya fito fes. Mama na cewa Allah Ya zaunar da su lafiya, jama'a na amsawa da amin, amarya ta zuƙo hoton da yatsa ta duba kafaɗarsa ta dama da kyau. Hannu ɗaya ne a wurin, nata ita amaryar.