Lambar Yaya Ta Fara Shiga

"Ba zan duba ba, Auta. Ki daina roƙona!"

A kan matakalar bene suke tsaye, tsakanin hawa na uku da na huɗu, inda ma'aikatan kamfanin sadarwar ke laɓewa in za su amsa wayar gida. Dogo ya jingina da bango, katin aikinsa na lilo a wuyansa. Shekararsa biyar a sashen nazarin bayanai. Ita kuwa wata huɗu ke nan da jami'a ta turo ta sanin makamar aiki, kuma shi ya yi mata hanya. An riga an yi maganar aurensu, kammala karatunta kawai ake jira.

"Lamba ɗaya fa, Dogona... ɗaya tak. Ka ga inda wayar take, shi ke nan."

"Kin san dalilin da ku ɗalibai ake ɓoye muku lambobin mutane? Duk lambar da na buɗe, na'ura tana rubuta sunana da lokacin. In babu takardar hukuma, kora ce. Na sa hannu a kan haka."

"Yayana ne!"

"Na sani, rabin raina. Ku koma wajen 'yan sanda su rubuto. Ranar da takarda ta iso, ni da kaina zan..."

"Sau nawa muka je? Takalmin Umma ma ya san hanya!"

Ya miƙo mata hankici. Ta ƙi karɓa, ta haye sama ta bar shi.

Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan da Yaya ya bi babbar mota neman aiki can nesa. Sati biyu yana kira, daga nan wayarsa ta mutu. Kullum da safe sai Umma ta gwada, kullum muryar matar nan ta kamfani ta ce a kashe take. Sai ranar Lahadin da ta wuce lambar ta shiga. Ta yi ƙara har ta katse, ba a ɗauka ba.

Tun ranar gidan ya birkice.

Da Auta ta koma gida da yamma, ta tarar Umma ta share ɗakin Yaya, ta wanke zanin gadonsa ta shimfiɗa, tana zaune a bakin gadon da waya a kunne.

"Ni ce, ɗana. Ka ɗauka mana... ba wanda zai tambaye ka abin da ka samo." Ta sauke wayar, fuskarta fal murna. "Yana ji, Auta. Kunya ce kawai. Haka ubanku yake, in bai samo ba sai ya ƙi shigowa gida. Me Dogo ya ce?"

"Ya ce doka ta hana, Umma."

"Doka?" Umma ta dube ta daga sama har ƙasa. "Dokar ce ta haifi yaron? Ke ba a can kike wuni ba? Wane irin karatu ne wannan da ba zai nemo miki ɗan'uwanki ba? Shi ya goya ki zuwa makaranta, ko kin manta?"

"Ban manta ba."

"To mutumin da ya kasa taɓa kwamfuta dominki tun kafin aure, bayan aure me zai taɓa?"

Auta ta juya ta fita daga ɗakin. Mutane kan ce gara mutum ya sani ya huta. Masu faɗar haka, yawancinsu ba su taɓa sanin wani abu mai nauyi ba.

Ranar Alhamis ta satin da ya biyo baya, da hantsi, aka kira Dogo taron gaggawa. Ya miƙe yana lalubar biro.

"Kula min da kujerata, tawan. Kar shugabarmu Madam ta zauna ta ƙarasa min ita."

Ƙa'ida ce duk wanda ya tashi ya kulle kwamfutarsa. Dogo ba ya wasa da wannan, sai fa in ita ce a gefensa.

Ta dubi ƙofa. Ta dubi sauran ma'aikata, kowa ya duƙufa a kan jadawalinsa. Ta jawo kujerarta kaɗan. Ta rubuta lambar Yaya da ta haddace tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

Shafin ya buɗe.

Sunan da ke kan layin ba na Yaya ba ne. Wani kamfanin hayar motoci ne, ya saye shi sati uku da suka wuce, ya saka shi cikin na'urar bin sawun mota. Kira zai shiga, zai yi ƙara, amma babu hannun da zai ɗauka har abada.

Ta gangara ƙasa ta duba tsohon mai layin. Kiransa na ƙarshe shi ne wanda ya yi wa Umma. Daga nan babu komai, ko saƙo ɗaya. A gefe an rubuta: ya haura shekara shiru, an janye, an sake sayarwa. Jeri na bakwai.

Ta sake karanta kalmomin nan uku.

Jeri na bakwai shi ne aikinta na farko a kamfanin. Layuka dubu arba'in da suka mutu, aka ce ta tantance waɗanda za a mayar kasuwa. Lambobin a ɓoye suke, haruffa kawai take gani. Kwana tara ta gama, Madam ta yaba mata a gaban kowa, har Dogo ya fita da ita shan lemo.

Ta rufe shafin ta koma mazauninta. Da Dogo ya dawo ya ce, "Kujera dai lafiya?" ta gyaɗa kai kawai.

Da yamma ta durƙusa a gaban Umma ta faɗa mata.

Umma ta daɗe tana kallon wayar da ke hannunta.

"Mota..." ta ce a hankali. "Kwana goma sha biyu mota nake lallashi?"

"Umma..."

"Ba a ga inda yake ba?"

"Babu komai, Umma. Tun wancan kiran."

"To wa ya ba su izinin sayar da lambar ɗana? Wane marar imani ne ya zauna ya ce wannan ya mutu, a ba wani?"

Auta ta buɗe baki. Har za ta ce ita ce, sai ta fasa.

"Haka tsarin kamfani yake," ta ce.

Umma ta tashi, ta yaye zanin gadon, ta ninke shi gida huɗu ta mayar cikin akwati. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da Auta ta fi samun sauƙi.

Ranar Litinin mutum biyu daga sashen sa ido suka shigo da takarda ɗaya, suka wuce da Dogo ɗakin taro mai bangon gilashi. Auta na hango shi daga teburinta. Suka tura masa takardar. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ɗago kai, idonsa ya ratso gilashin ya sauka a kanta. Sau ɗaya. Sannan ya karɓi biro ya sa hannu.

Kafin azahar an karɓe katinsa. Ya zuba kayansa a kwali: kofin shayi, darduma, hoton mahaifiyarsa. Ta bi shi da gudu har bakin ƙofar waje.

"Dogo! Dogona, tsaya... zan shiga yanzu in ce ni ce!"

"Ki ce ke ce, su rubuta wa jami'a, su kore ki a shekarar ƙarshe. Ni kuma dai a kore nake, tunda ni na bar ta a buɗe. Sai mu tashi da asara biyu. Umma ta rasa ɗaya, ya ishe ta."

"Ka yafe min, don Allah..."

"Kin same shi?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "An sayar da layin. Ni na sa shi a jeri, Dogo. Da hannuna!"

Ya ajiye kwalin a ƙasa. Har ya ɗaga hannu kamar zai share mata fuska, sai ya mayar da shi aljihu.

"Wannan ba laifinki ba ne. Ba ki sani ba." Ya dube ta. "Amma na Alhamis kin sani. Kwana huɗu, Auta. Jiya awa ɗaya muna waya kina tambayata kalar labulen da za mu sa a falo. Da kin faɗa min, da na shiga ɗakin nan a shirye. A takardar mutane na gani."

"Tsoro na ji..."

"Ni kuwa ban taɓa jin tsoronki ba. Shi ya sa ba na kullewa."

"Za ka kira ni?"

Ya ɗauki kwalinsa.

"Aiki zan samu wani, ko a daɗe. Amma ban san yadda zan zauna gida ɗaya da ke ina kulle abubuwa ba. Ki gaida Umma. Allah ya bayyana Yaya."

"Dogo... Dogo!"

Bai waiwayo ba. Ta tsaya har ya tsallaka titi, motoci suka shiga tsakaninsu.

Ta wanke fuska a banɗaki ta koma sama. Madam na tsaye a kan teburinsa tana sa a cire wayoyin kwamfutar.

"Kin gani ko? Shekara biyar, mutum ya zubar a kan lamba ɗaya. Ki ɗauki darasi, 'yata." Ta dafa kafaɗarta. "Na yi magana da na sama. Kina gama makaranta, wannan gurbin naki ne. Irinki muke nema, mai riƙon amana."

Auta ta dubi kujerar, ta tuna Umma da babu mai ɗaukar nauyinta yanzu sai ita.

"Na gode, Madam," ta ce, hawayen suka sake ɓallewa.

"Ayya, ji yarinya da kukan murna!" in ji Madam. "Share fuskarki. Ga jeri na takwas nan na turo miki, ina son sa kafin Juma'a."