Saƙo Biyar Daga Filin Jirgi

"Don girman Allah ki karɓi kuɗin, ki haɗa ni!"

Ma'aikaciyar da ke bayan kanta ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba ma karɓar tsaba. Ki sa lambar wayarki, za a turo miki lambobin shiga, ki samu minti talatin kyauta. In ba haka ba, sai da katin banki."

Auta ta kalli allon farashin. Kuɗin intanet na awa ɗaya ya kai abin da take samu a kwana biyu tana jinya a asibiti. Katinta ba ya aiki a ƙasar nan. Layin waya kuwa, da hannunta ta karya shi sati uku da suka wuce, ranar da 'yar ƙanwar Maman Dogo ta turo mata hotonta tare da Dogon, saurayin Auta, da cewa an sa musu rana.

Tun daga nan ta daina musu da Yayanta, wanda dama bai taɓa son ta auri mai walda ba. Ya samo mata aikin jinya a ƙasar waje, ta sa hannu, ta hau jirgi ba ta yi wa Dogo sallama ba.

Sai a sama, tana laluben biro, ta ci karo da takardar da matar Yaya ta cusa mata a jaka.

"Auta, ki yafe min, tsoron Yayanki ya hana ni magana. Hoton nan na bikin ƙanensa ne, ba a sa ranar komai ba. Sau uku Dogo yana zuwa Yayanki yana korar sa, bai ma san da tafiyarki ba. Ya ce in bai ji daga gare ki ba zuwa la'asar ɗin Laraba, zai bi zaɓin Mamansa."

Yau ce Laraba!

Ga ta a filin jirgin da za ta canza jirgi, agogon hannunta na nuna saura awa biyu la'asar ta yi a gida.

Ta zauna a ƙasa kusa da soket. Shafin ya ce ta sa lamba. Lamba ɗaya ce tak a kanta... tasa.

Ta rubuta, ta danna.

An tura.

Saƙon ai wayarsa zai shiga! Zai gani, zai san ita ce, zai san tana neman sa ido rufe!

Ta sake dannawa. Ta sake. "Ka gane, Dogona... ka gane ni ce..." Sai da ta yi sau biyar shafin ya rufe mata.

Ta miƙe ta shiga bin mutane. Wani mai kwat ya janye jakarsa kamar ta zo sata. Wata ta nuna mata waya, mintinta biyu ya rage kuma da ɗanta take magana. Aka kwashe fiye da awa tana zagaye, har ta tsaya jikin gilashi tana kuka.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

Wata hajiya ce 'yar kasuwa, zaune kan buhunan kayanta. Jin Hausa ya sa Auta ta durƙusa ta zayyane mata komai.

"Kan namiji kike wannan kukan? Ni uku na binne, ban yi rabinsa ba!" Hajiya ta zaro kati daga lalita. "Ungo. Ɓarayin banza, iskar ma sai sun sayar mana. Riƙe kuɗinki, ki kira shi."

Saura minti arba'in la'asar ta yi. Ta sayi awa ɗaya, ta kira.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Dogo! Masoyina, ni ce! Ƙarya aka yi min, wallahi yanzu na sani! La'asar ba ta yi ba, ko? Ka ce min ba ta yi ba!"



"Ba ta yi ba," ya ce, muryarsa a dishe.

"Alhamdulillahi! Zan dawo, ko aikin ne zan..."

"Auta, na ga saƙonninki."

"Ka gani? Na san za ka gane!"

"Tun safe ban kunna injin ba, ina zaune a shago da waya a hannu. Sai ga saƙo, wai barka da zuwa filin jirgi, a wata ƙasa. Na ce kuskure ne. Sai ga wani. Har biyar. Na kira Yayanki, ya yi dariya ya ce ai kin tafi, kin bar talauci." Ya ja numfashi. "Na ɗauka amsarki ke nan. Kina so in san kin yi nisa."

"A'a! Wayyo Allah, kiran ka nake yi! Ba ni da wata hanya!"

"Na rufe shago na je na ce wa Mama na amince."

"Ka koma ka ce ka fasa!"

"Kawu da Baffa suna gidan su yarinyar yanzu, an riga an ba su ita. Mama ta rungume ni tana sa min albarka, rabon da ta yi haka shekara biyu. Da wane bakin zan koma?"

"Da ka jira la'asar..."

"Da kin min sallama, Autata."

Daga bayansa ta jiyo muryar mace tana dariya. "Yaya Dogo, Mama na kira, wai ka zo a yi addu'a."

"Ina zuwa," ya amsa. Sannan a hankali: "Ki kula da kanki. Can akwai sanyi, kin san ƙirjinki."

Ya kashe.

Lasifika ta fara kiran masu jirginta. Hajiya ta leƙo fuskarta. "To, ya ya ce?"

Auta ta miƙa mata wayar. "Hajiya, akwai sauran minti hamsin a awar da kika biya. Ki kira 'ya'yanki, kar kuɗinki ya tafi a banza. Ni na gama."